Magaribar da Na Yi Limanci a Gidan Su Nafisa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka tura ni gaba na ja sallar Magariba a gidan su Nafisa. Ko na so in manta ma, akwai mutanen da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna min duk ƙarshen shekara.

Lokacin sabon zuwa ne ni a Amurka, fil. Na sauka a tsakiyar Disamba saboda karatun da zan fara a Janairu, na raɓe a ɗakin wani abokina a College Park, ina kwana da safa da hula. Nafisa kuwa a Zariya muka haɗu, a wani biki da ta zo daga Amurka, daga nan muka ɗora da katin waya. Mahaifinta, Alhaji Ɗanjuma, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Sai na gan shi da idona."

A ƙasar nan hutun Kirsimeti ne kaɗai lokacin da kowa ke samun sarari, Musulmi da Kirista. Don haka duk shekara dangin su Nafisa ke taruwa a gidan Alhaji a Silver Spring, wasu daga Ohayo, wasu daga Niyok, a cika gida a yi ta ci da hira har sabuwar shekara. Nafisa ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce, "Duk abin da za a yanke a kanka, kafin su watse za a yanke shi. Don Allah ka nutsu."

Na ce mata ni ai nutsuwa gado na yi. (Allah ya yafe min wannan magana.)

Ranar da zan je gidan na sa suwaita biyu da jaket, na ɗora babbar riga ta shadda a sama, na fito kamar buhun gero da aka ɗaure da kyau. Da bas ta sauke ni a bakin layinsu sai na ji jikina ya yi wani iri. Ba kowa. Babu yaro, babu mai talla, babu ko rediyon wani da ke tashi ta taga. Bishiyoyi duk sun zubar da ganye sun tsaya tsirara, sama ta yi toka-toka, gidajen kuma iri ɗaya sak, kowanne a rufe. Dusar ƙanƙarar da ta sauka ta haɗiye har ƙarar takuna. Na tashi a unguwar da shiru irin wannan ba ya sauka sai an yi rasuwa, don haka na ƙara sauri ina waiwaye.

Cikin gidan kuwa wata duniya ce. Ƙamshin miyar kuka da soyayyen kaza, yara suna tsere a bene, ana yi musu magana da Hausa suna amsawa da Turanci. Na durƙusa na gai da Alhaji da ƙannensa, na samu wani lungu na zauna kaina a ƙasa. Anti Saratu, ƙanwar mahaifiyar Nafisa, wadda Kirista ce kuma nas, ta ciko min faranti har yana zuba. Na ci loma kaɗan na ce na ƙoshi, alhali hanjina kuka yake. Kunyar surukai ba ta san yunwa ba.

Ina nan zaune sai na ji an ce, "Angona, zo nan."

Hajiya Kaka ce, mahaifiyar Alhaji. Ita ma ba ta daɗe da zuwa daga gida ba, an kawo ta ne a duba mata gwiwa. Tana zaune a kujera kusa da wata babbar ƙofar gilashi da ke kallon bayan gida. Na je na tsuguna, ina jiran irin zolayar da kakanni ke yi wa mai neman jikarsu. Amma fuskarta babu wasa. Ta rage murya ta ce, "An ce kai mai ilimi ne. Duba can, bayan shingen nan. Me ka gani?"

Na duba. A farfajiyar maƙwabta, bayan wani gajeren shingen katako, wani abu ne a kwance. Dogo ne, ya fi tsawon mutum, fari, ƙanƙara ta rufe rabinsa. Ya shafe da ƙasa kamar an zare masa ƙasusuwa. Hannu ɗaya ya fito waje, baƙi, yatsunsa a buɗe.

"Hajiya, ko tanti ne suka yar?"

"Tanti da yatsu?" Ta ƙara matso da bakinta kusa da kunnena. "Kullum da rana haka yake kwance. Amma shekaranjiya bayan Isha na ɗaga labule, na gan shi a tsaye. Yana kallon gidan nan."

Na ji gashin jikina ya tashi a ƙarƙashin suwaita biyu. Na ce ta faɗa wa Alhaji mana. Ta ce, "In faɗa masa ya ce ruɗin tsufa ne, a ƙara min wani likitan? Ni dai da yamma ta yi sai in sa a ja labule, in yi addu'ata."

Yanzu mai hankali me zai yi? Zai kira Nafisa gefe ya tambaye ta. Amma ni baƙo ne mai neman aure, kuma an riga an baza labarin ilimina. Ina zan kai fuskata in ce, don Allah mene ne wancan? Sai na gyara murya na ce wa tsohuwa kada ta damu, babu abin da zai faru ina gidan. Na koma lunguna, idona kuwa ya ƙi barin ƙofar nan.

Rana a ƙasar nan ba ta yin sallama a lokacin sanyi. Ana idar da La'asar ba da jimawa ba sai duhu ya fara sauka. Aka ture kujeru, aka shimfiɗa dardumai a falo, maza suka yi sahu, mata a baya. Hajiya Kaka aka ajiye mata kujerarta a gefe, kusa da hanyar kicin, saboda gwiwarta. Sai da na ga yadda aka jera dardumai na gane: alƙiblar gidan ƙofar gilashin nan take kallo sak. Ranar kuma babu wanda ya ja labule, yara sun buɗe shi suna kallon ƙanƙara.

Aka ta da iƙama. Alhaji ya juyo ya dube ni ya nuna dardumar gaba.

"Malam, bismillah."

Na ce a'a Baba, ai ga manya. Ya ce, "An ce ka yi hadda. Wuce mana." Na gane wannan ita ce jarrabawar. Na wuce, hancina saura kaɗan ya taɓa gilashi, na yi kabbara.

Raka'ar farko ta tafi lafiya lau. Har na zaɓi sura mai ɗan tsayi, na ja ta da muryar da nake ajiyewa don ranar baƙi. Ina jin wani kawu a bayana yana ajiyar zuciya, na ce a raina, Nafisa, an gama.

A raka'a ta biyu ne na ji wani sauti daga waje, ƙasa-ƙasa, kamar ana jan numfashi ba a saki. Na san mai sallah wurin sujadarsa ya kamata ya kalla. Na sani sarai, na ma koya wa wasu. Amma idona ya ɗaga da kansa.

Hannun nan ya motsa.

Yatsun suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Sai ƙanƙarar da ke kan abin ta fara tsagewa tana zamewa. Ƙirjinsa ya kumbura, ya sauka kaɗan, ya sake kumbura. Babu iska a waje, ko reshe ɗaya ba ya motsi, amma shi yana motsi. Kansa na naɗe a ƙarƙashinsa kamar wanda aka karya wa wuya, sai na ga kan yana warwarewa a hankali, yana ɗagowa, har ya leƙo ta saman shinge. Fari fat, kamar likkafani. Idanu baƙaƙe biyu, babu ƙiftawa.

Karatu ya tsaya min cak. Wani daga baya ya tuna min ayar da ke gaba, na maimaita ta da muryar da ban san ta ba. Abin nan ya ci gaba da tashi. Ya wuce shinge, ya wuce tsawon mutum, yana rangaji hagu da dama. Duk abin da aka taɓa faɗa min ina yaro game da Magariba, da dalilin da ake kora yara cikin gida in rana ta faɗi, ya dawo min a lokaci ɗaya. Na ce to, ashe har Amurka suna zuwa.

Sai wuta ta kama a cikin cikinsa. Ya haskaka gaba ɗaya, ya sunkuyo ta kan shinge wajena, bakinsa a buɗe yana murmushi.

Ban yi sallama ba. Abin da na ce shi ne "Innalillahi!" da ƙarfin da ya sa wani jariri ya fashe da kuka a sahun mata. Na juya na kutsa tsakanin Alhaji da ƙaninsa, na taka ƙafar wani, hulata ta yi nata wuri. Ina zuwa daidai kujerar Hajiya Kaka sai na ji an cafke min wuya ta baya. Tsohuwar da ake cewa gwiwarta ba ta lanƙwasuwa ta ɗare bayana kamar goyo. Da ita na shiga kicin a guje.

Anti Saratu na tsaye tana suyar ayaba. Ta juyo da cokali a hannu ta ga liman da tsohuwa a bayansa.

"Yesu! Lafiya? Gobara ce?"

"Ya tashi," na ce, ina nuna taga. "Anti, ya tashi!"

Ta leƙa. Ta dube ni, ta dubi Hajiya, ta sake leƙawa. Sai ta ajiye cokali ta riƙe ciki ta zame har ƙasa.

"Wayyo ni Saratu! Ɗana, kwalliyar Kirsimeti ce ta maƙwabta! Balam-balam ne, mutum-mutumin ƙanƙara. Inji ke hura masa iska, an saita shi ya kunna kansa da yamma. Da safe a kashe ya kwanta."

Na sake duba shi ta tagar kicin. Har da hula da gyale a wuya, da hanci kamar karas. Daga falo kuwa sai na ji muryar Alhaji cikin nutsuwa yana cewa "Allahu akbar." Ya matsa gaba ya ƙarasa wa mutane sallarsu. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, har na yi fatan ƙasa ta tsage. Na sauke Hajiya a kan kujera, na yi tawa sallar ni kaɗai a gefen firij.

Bayan an ci abinci Alhaji ya sa aka kira ni. Yana zaune da ƙannensa, mata sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, Nafisa ta ƙi yarda mu haɗa ido. Kawun da na taka wa ƙafa ne ya fara magana.

"Yaya, ni dai gaskiya zan faɗa. Mutumin da balam-balam ya kora daga sallah, shi za mu damƙa wa yarinya a ƙasar nan?"

Na riga na fara tunanin yadda zan nemi bas in koma. Sai Hajiya Kaka ta buga sandarta a ƙasa.

"Ku saurara. Falon nan cike yake da 'ya'yana da jikokina. Yaron nan ya ɗauka mutuwa ce ta leƙo. Da ya tashi gudu, wa ya ɗauka? Takalminsa? Ni ya ɗauka. Ni da bai sani ba sai yau."

Alhaji ya dube ni. Gefen bakinsa na rawa, yana danne dariya da ƙyar.

"Tsoro kam akwai shi, ba a magana," ya ce. "Amma wanda bai bar min uwa ba, ina sa ran ba zai bar min 'ya ba. Ka ce wa manyanka su zo."

Anti Saratu ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka tawali'u ne.

Da na je yi wa Hajiya sallama, ta riƙe hannun rigata ta jawo ni kusa.

"Angona, sau biyu ka girgiza kafaɗa don ka yar da ni. Na ji."

"Hajiya, wallahi ruɗewa ce..."

"Yi min shiru. Ka riƙe min jikata da kyau, ni kuma in riƙe bakina."

Allah ya jiƙan ta, ta riƙe bakinta har ta koma ga Mahaliccinta, shi ya sa ma yau nake iya ba da labarin yadda yake. Ni ma ina nan riƙe da jikarta, ban girgiza kafaɗa ba ko sau ɗaya. Abin da na koya dai shi ne, in ba ka san abu ba ka tambaya tun da rana. In kuwa girman kai ya hana ka har tsoro ya kama ka a gidan surukai, to ka tabbata ka gudu ta inda tsohuwa take.