Yadda Za Ka Zaɓi Tayar Da Za Ta Kafe Ka A Ƙofar Surukinka

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari motarka za ta nutse a yashi har cikinta, daidai inda zuciyarka ta riga ta nutse. Dabarar nan ba ta taɓa cin tura ba. Sau ɗaya dai aka gwada ta, amma ba ta ci turar ba.

Wanda ya gwada ɗan baffana ne, Mazin. A shagon faci a garin Bidiya, bakin hamada, ya fara ganin Muzna, ta zo saya wa akori-kurar mahaifinta taya, tana musu da mai shago a kan shekarar da aka ƙera robar. Tun ranar bai ƙara cin abinci da daɗi ba. Matsalar ita ce mahaifinta, Baffa Sulayyim, mai raƙuma can cikin yashi. Duk ɗan birnin da ya je neman 'yarsa, gahawa kofi ɗaya yake samu da amsa ɗaya: a'a. Ga shi ƙarshen wata zai naɗe tantinsa ya lula inda waya ba ta kamawa, sai bayan wata shida. Amma kai ma ka sani, baƙon da hanya ta kayar ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya kwana uku. Kwana ukun nan muke nema.

Mataki na ɗaya: San daidai, sannan ka guje masa

Mai hankali in zai shiga yashi ƙaramin wili yake sawa, inci goma sha shida ko sha bakwai, da taya mai tsayin gefe, roba jingim, yadda in an rage mata iska za ta baje kamar tafin raƙumi. Haddace wannan da kyau. Shi ne abin da ba za ka saya ba.

Kai nemi wili inci ashirin da biyu, mai walƙiyar da za ka iya gyara rawaninka a cikinsa. Robar kuwa ta zama siririya kamar bakin faranti. Irin wannan ba ta bajewa, ba ta yafiya, haƙa kawai ta iya. Masoyi na gaskiya ba ya neman abin da zai ɗauke shi, abin da zai ajiye shi yake nema.

Mataki na biyu: Kada hawayen mai faci su karya maka zuciya

Kawu Darwish, mai shagon, shi ya koya wa Mazin taya tun yana ƙarami. Da ya ji abin da yake so sai ya ajiye sifana, ya tambaye shi ko wani ne ya ɓata masa rai a gida. Ya yi nasiha, ya yi rantsuwa, har ya ce zai ɗaura masa na kirki kyauta don kada a ce daga shagonsa wannan abin kunya ya fito.

"Ɗana, wannan ai takalmin biki ne. Ina za ka da shi?"

"Biki, Kawu."

Tsohon ya dube shi ya daɗe. Sannan ya ɗaure ƙusoshin tamau.

Mataki na uku: Ƙara iska

Inda kwalta ta ƙare za ka tarar da mutane a tsugune suna sace iskar tayoyinsu daga awo talatin da biyar zuwa sha biyar. Kai naka arba'in. Za su ɗaga maka hannu suna kira. Kai ma ɗaga musu, gaisuwa ce.

Mataki na huɗu: Zaɓi kabarin motarka

Kada ka kafe da nisa, babu mai ganinka sai ungulu. Kada ka matsa sosai, ka tsinka igiyar tanti ka fara surukuta da biyan ɓarna. Nemi gangaren da ake hangowa daga inda ake dafa gahawa. Da ka ji baya ya fara rawa, abin da ya kamata shi ne ka ɗaga ƙafa. Don haka taka totur. Taka har yashi ya taɓa ƙofa.

Mazin ya ce da ya ji motar ta zauna daram, wani sanyi ya ratsa shi irin wanda duk littattafan soyayyar da muka karanta ba su iya kwatanta shi ba. Na yarda da shi. Ni ma da yake ba ni labari sai da na share ido.

Mataki na biyar: Ɓoye kayanka

A nan ya yi sakaci. Baffa Sulayyim ya gangaro da sandarsa, ya yi masa sannu, ya leƙa ta taga. Babu shebur, babu igiya. Akwai dai riguna uku a goge, kwalbar turare, da babban kwanon alewa a naɗe da ƙyalle mai zare-zaren zinariya. Ya tambayi Mazin ko haka 'yan birni suke shirin yin hatsari yanzu. Mazin ya ce shi mutum ne mai tsafta.

Mataki na shida: Ji tsoron taimako

Babban abokin gabarka shi ne mai ceto. Abin da Mazin bai sani ba, a wannan yanki duk motar da ta kafe Muzna ce ke fitar da ita, kuma ba ta taɓa wuce kwata ɗin awa ba. Sai ga ta a akori-kura, ga igiya mai kauri a baya. Wilin da ya cinye masa albashi, da wata shida na rashin ganinta, duk suna rataye a igiyar nan.

Ta zagaya motar sau biyu. Ta shuri tayar gaba da takalmi, ta ce Allah ya shiryi wanda ya zaɓe ta. Ko kallon Mazin ba ta yi ba.

"Minti nawa?" in ji mahaifinta.

"Abba, wannan ba ta fita yau. Sai an kawo wani wili daga Bidiya."

Bidiya tafiyar minti arba'in ce. Tsohon ya tambayi kwana nawa hakan zai ɗauka.

"Uku, in Allah ya so."

Tana magana tana jan buhun dusa tana rufe igiyar.

Mataki na bakwai: Riƙe bakinka

Ka zo a matsayin wawa, to zauna a wawa. Mazin ya ɗebi ruwa, ya ba raƙuma dusa, wata taguwa ta tofa masa yawu a riga ta biyu ya yi mata godiya. Komai lafiya har rana ta biyu, da ya ji akori-kurar tana wani kuka. Kafin ya ankara bakinsa ya suɓuce: ya ce tayoyin baya sun ɗara na gaba tsayi, shi ya sa take wahala in an sa giyar yashi, kuma a haka ba za ta kai su inda za su ba. Baffa ya tsuguna ya auna da sandarsa. Haka ne. Ya miƙe, ya dubi wilin da ke walƙiya a gangare, ya dubi Mazin, ya wuce.

Da hantsin ranar da baƙo ya cika kwana uku Baffa ya zuba masa gahawa da hannunsa, ya ce wanda ya san taya haka bai sayi waɗancan bisa kuskure ba. Sannan ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Mazin ya tanadi jawabi shafi huɗu, ni na taya shi rubutawa, akwai wata da taurari a ciki. Abin da ya fito kawai shi ne, "Muzna, Baffa."

Tsohon ya tauna dabino a hankali, ya cire ƙwallon, ya ajiye a gefen faranti.

"Mota goma sha ɗaya ta kafe a gangaren nan bana. Taka ce ta farko da ta gagari Muzna." Ya kurɓi gahawa. "Turo manyanka kafin in tashi. Ka ce musu su rage iska."

Minti tara Muzna ta ɗauka ta fitar da shi.

Gargaɗi

Marubucin nan ba ruwansa da wilin da ya lanƙwashe, injin da ya ƙone, cizon kunama, ko tantin da ka kwana uku a ciki sannan ka gano 'ya'yan mai shi duk maza ne. Kada a zo min gida, kada a je wa Kawu Darwish shago. In kuwa ka bi komai daidai, yarinyar ta zo ta ɗaura igiya ta fizge ka tun gahawa ba ta tafasa ba, to kada ka zargi taya. An ba ka amsa. Yi godiya, rage iska, kama hanya.