Cindo da Irin Shukar Tungar Marke

Ku yaran yanzu ba ku da nutsuwa. Duk wanda ya naɗa rawani ya ɗaga murya sai ku bi shi kamar tumaki, ku raina limamin da ya raɗa muku suna. Ku zauna ku ji.

A zamanin Turawa an yi wani wawa a Tungar Marke, ana ce masa Cindo. Daga shi sai uwarsa Kande a gida, ba su da komai sai gona da tulu guda na irin gero. Daf da damina wani mai wa'azi, Malam Jibo, ya sauka daga gabas. In ya buɗe baki maza kuka suke yi, mata su suma. Ya ce duniya ba za ta kai kaka ba. Kasuwa ta daina ci, aka bar sharar gona, aka ƙaurace wa tsohon liman.

Wata rana Malam Jibo ya ce kowa ya fitar da abin da ya gada wurin kakanni. Kande ta dawo daga rijiya ta tarar da turmi da tukunya da ƙyauren ɗaki a kan juji.

"Cindo, a me zan yi daka?"

"Inna, ke ma daga wurin Kaka kika fito. Na bar ki ne sai na tambayi Malam."

Wata rana Malam ya ce kowa ya zauna cikin shirin kabarinsa. Cindo ya naɗe da farin zane ya miƙe a zaure. Maƙwabta suka taru suna salati, Kande ta zube ƙasa. Da aka zo ɗaukarsa ya ce, "Ku dakata in sha fura." Ba wanda ya yi dariya, don tsoro ya riga ya cika gari.

Wata rana Malam ya ce wanda tashin duniya ya riska da hatsi a ajiye, hatsin zai zama garwashi a bayansa, don haka a kawo masa sadaka. Gari duka aka kwashe iri aka kai. Kande ta ɓoye nata ƙarƙashin gado, Cindo ya lalubo ya kai. Ta daina cin abinci, kullum idonta na gabas. Hadari na haɗuwa, babu ƙwayar shuka a gidan kowa.

Wata rana Malam ya tafi wa'azi ƙauyukan kudu. Cindo ya leƙa masaukinsa ya ga hatsi har rufi, ya ruga gida.

"Inna, duk garwashin nan a bayan Malam zai ƙare. Binne shi zan yi, kaɗan-kaɗan a gonaki, kada wutar ta taru wuri ɗaya."

Kande ta dube shi ta daɗe, sannan ta miƙa masa sungumi. Ya bi gonakin gari ɗaya bayan ɗaya, yana sara yana zubawa yana takewa, har ɗakin ya zama wayam.

Malam Jibo ya dawo da wani falke da jakuna. Da ya ga ɗaki, ya manta akwai jama'a a bayansa.

"Wa ya taɓa mini hatsi? Na riga na sayar, da shi zan gina gida baɗi."

Tsohon liman ya matso a hankali ya ce, "Baɗi, Malam?"

Nan jama'a suka gano shi. Kafin a watse ruwa ya sauko.

Dagaci ya yanke hukunci. Ya ce Malam ba zai bar gari ba. In duniya ta tashi, shi ke nan, bai yi asara ba. In ba ta tashi ba, shi ya sa aka bar sharar gona, shi zai biya da ƙarfinsa. Da gero ya tsiro aka ba shi fartanya. Hannun da bai san ƙota ba ya yi noma ya yi maimai a gonar kowa, har da ta Kande, yana tafe Cindo na bin sa yana yi masa sannu. Da kaka ta yi aka raka shi bakin gari, tafin hannunsa duk kanta, ba a ba shi ko zangarniya ɗaya ba.