Fistol Biyu a Kan Soron Kaka Atika

"...lafiya ƙalau na kwana, sai dai kewar amaryata. Ina gajiya, tsohuwa mai ran ƙarfe?"

"Wace amaryar? Ni na fi ƙarfin mijin da ke haki don ya hau bene. Kai, tsaya nan! Kada ka taka min zabibi da waɗannan ƙafafun naka kamar faranti."

Mabkut ya ja ya tsaya a bakin tabarma, rungume da wani ƙunshi a cikin rawaninsa, bakin nan nasa ya ƙi rufuwa. Kakarsa, Kaka Atika, na zaune a kan soro, tana juya inabin da aka shanya, rana ta fara ɗagawa a kan duwatsun yankinsu na Kaulan. A wuyanta kuwa, a jikin wani baƙin zare, ga makullin motar gidan yana lilo. Tun da yaron nan ya hawo, idonsa bai bar kan makullin ba.

Dalili kuwa, gobe za a fara kai zabibin bana birnin Hudaida da ke bakin teku, kuma mahaifinsa Naji ya ce gwiwarsa ta gaji da tuƙi, bana sai dai yaro ya ja motar. To hanyar ce ba a bin ta hannu rabbana, dole mutum ya soke 'yar fistol a ƙugu. A gidan nan kuma, tun kafin a haifi Mabkut, ba namijin da ke ɗaura bindiga sai Kaka Atika ta gani ta ce ta yi. In ta ce ba ta yi ba, shi ke nan, makulli ya tafi hannun Sinan ɗan baffansa, Mabkut ya zauna tsince tsakuwa a cikin zabibi har baɗi. Shi kuwa da ya ga wannan rana, gara zazzaɓi ya kwantar da shi.

"Kaka, rufe idonki."

"In rufe ka sace min makulli? Ka yi kaɗan."

"Wallahi abin da na ɗauko, in kika gan shi bagatatan sai haƙoranki biyun nan da suka rage sun zube."

"Su biyun sun ishe ni in cije ka. Buɗe mu gani."

Ya durƙusa ya warware rawanin cikin zumuɗi. Bindigogin fistol ne guda biyu. Ɗaya fara ce tas, doguwa, an zane jikinta da furanni, tana ɗaukar ido a rana. Ɗayar baƙa ce, guntuwa, da kaɗan ta fi tafin hannu, ba wani ado a jikinta.

"Hizam mai sayar da bindigogi a kasuwar Jihana ya ce in kawo miki duka ki gani, in mayar masa da ɗaya kafin azahar. Kin san shi, da ya cusa ganyen kat ɗin nan mai sa maye a kumatu bayan azahar, ko gobara ake yi ba zai buɗe shago ba."

"Ka cire musu hanji?"

"Na cire."

"Ƙarya kake har a goshinka. Miƙo."

Ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya, ta zare gidan harsashin, ta ja saman baya, ta leƙa ciki da ido ɗaya, bakin bindigar yana kallon dutse. Sai da ta tabbatar ba komai sannan ta ajiye. Ita dai ko ɗan da ta haifa ba ta yarda da shi a wannan fannin.

"To maigida, wacce ka zaɓa?"

"Haba Kaka, wannan ma tambaya ce? Dubi farar nan! Ita ma mai ɗana kanta ce, kin harba ɗaya, na biyu ya hau da kansa. Waccan baƙar Hizam ne ya matsa min, wai ita ce ta yawon yau da kullum. Ni kuwa na ce wa zai fita da abin kunna taba a ƙugu?"

"Af, ashe bindiga ce? Na zaci ƙwaro ne ya maƙale a rawanin."

"Yauwa amaryata! Na san ke mai ido ce. Da farar nan, in na yi tari a saman dutse, ɓarayin da ke gangare za su tuba su koma tallar tumatir."

"Ai ba sai ka yi tari ba. Fuskarka kaɗai ta isa ta kore su."

"Fuskar da kike mutuwa a kanta?"

"Ni? Ni da na auri kakanka, mutumin da ya taɓa harbo sauro a kan wancan dutsen, kuma sai da ya tambaye ni wanne ido nake so ya samu?"

"Kakan nawa da aka ce in akuya ta yi atishawa sai ya ɓuya a bayanki?"

"Gadina yake yi ta baya, ɗan nema! Kai wa ka taɓa yi wa gadi? Kyanwa ma a gabanka take shanye maka madara."

Mabkut ya ƙyalƙyale da dariya, zuciyarsa fari ƙal. A ganinsa magana ta ƙare, tsohuwa ta kamu. Ya miƙa hannu wajen wuyanta, ta buge hannun da ludayin da take juya inabi da shi.

"Ina za ka? Ba a gwada ba tukuna."

"To mu sauka bayan gida, in jera gwangwani, ki ga aiki."

"Harbi? Harbi ai ko mahaukaci ya iya. A gidan nan ba da harbi ake gwada bindiga ba. Soke ta a ƙugunka ka zo ka zauna mu sha shayi."

Wannan kuwa mai sauƙi ne, in ji Mabkut a ransa. Ya gyara zanen da ya ɗaura, ya ƙara tamke ɗamarar jambiyarsa, wato lanƙwasasshiyar wuƙar da maza ke sokewa a ƙugu, ya cusa farar a gefen dama tsakanin ɗamara da kullin zane. Ya yi taku biyu yana buɗa kafaɗa, ji yake duk Kaulan ba namiji sai shi. Sannan ya zube a kan tabarma ya jingina da matashi. Nan take ƙotar bindigar ta caki haƙarƙarinsa, bakinta ya nutse a cinyarsa. Sai da numfashinsa ya ɗauke.

"Lafiya, angona? Na ga idonka ya kawo ruwa."

"Daɗi ne. Shayinki ne ya cika citta."

"Ai ban zuba maka ba tukuna."

"Ƙamshin ne."

"Madalla. To gyara zama, haka za ka wuni a mota daga nan har bakin teku, ga ramuka, ga kwana-kwana. Ka ji daɗinka."

Ta zuba masa shayin ɓawon gahawa, ta shiga ba shi labarin wata rigimar gona da aka yi tun tana budurwa, ba ta tsallake sunan shaida ko ɗaya ba. Yaro ya karkata hagu, ya karkata dama, gumi na tsatso masa, yana murmushin dole. Allah Sarki, ga makulli yana lilo a gabansa, ba halin ya ce wayyo.

"Tashi ka ɗauko min wancan buhun," in ji ta da ta ga ya jigata. "A Hudaida ba wanda zai sauke maka kaya."

Ya tashi da murnar samun sauƙi. Yana sunkuyawa bindigar ta zame ta leƙo waje, ya yi wuf ya dafe ta da gwiwar hannu, ya jawo buhun da hannu ɗaya yana tafiya a karkace.

"Ikon Allah! Yau kuma kaguwa na aura?"

"Salo ne, tsohuwa. Haka 'yan birni ke tafiya yanzu."

"To saura ɗaya. Direban gidan nan duk garin da ya ratsa ana biki, sai an jawo shi fili. Taka min rawar bara'a in gani, kada ka je ka kunyata mu."

Nan fa Mabkut ya washe baki, don in dai bara'a ce, duk samarin unguwa sun sallama masa. Kaka Atika ta kifa tiren shayi a cinya ta fara kaɗa shi da ludayi da yatsu. Jin kiɗa, sai ga matan gidan Mukbil, masu shanya a soron da ke maƙwabtaka, sun matso bakin katanga, manya da 'yan mata. Ganin haka kan yaro ya ƙara fashewa. Ya zare jambiya ya ɗaga ta sama, ya taka gaba, ya dawo baya, ya durƙusa ya miƙe, ya juya. Tsohuwa ta ƙara wuta. Ya yi tsalle na farko, bindiga ta ja kullin zane ƙasa kaɗan. Ya ji, amma ina, 'yan mata na kallo! Ya yi na biyu. A na uku ne abin ya faru: kulli ya warware, zane ya sulale ya taru a idon sawunsa, farar bindiga ta faɗa cikin zabibi tim. Ga Mabkut tsaye tsakiyar soro, wuƙa a sama, daga shi sai jan gajeren wando na 'yan ƙwallo.

Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa. Sauran suka zube bayan katanga, ba ka jin komai sai ihun dariya. Kaka Atika kuwa har da riƙe ciki, tana share hawaye da gefen mayafi.

"Wayyo ni Atika! Waɗannan ne ƙafafun? Wallahi na ga sandar rake da ta fi su nama!"

"Kaka, don Allah..."

"Kuma fa babu ko harsashi ɗaya a cikinta! Da an cika ta, ai har wandon za ta tafi da shi!"

Ya ja zanensa ya ɗaura, kunnuwansa na zafi. Kunyar matan ma ba ta dame shi kamar abin da ya hango ba: Sinan a bayan sitiyari, yana danna masa ham a ƙofar gida. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har muryarsa ta canza.

"Shi ke nan, ki ba Sinan. Dama shi kike so."

"Ji min shashasha. Sinan da ke tuƙi kamar yana koran kaji? Ɗauki ƙwaron nan ka soke."

"Abin kunna tabar?"

"Ita fa. Ko kana jira in soka maka da kaina?"

Ya ɗauki baƙar yana ƙunƙuni, ya tura ta bayan kuben jambiya, ta shige ta lafe. Kaka ta sa shi ya zauna, ya zauna. Ta sa shi ya mayar da buhun inda ya ɗauko, ya mayar da hannu biyu. Ta sake kifa tire.

"Ba zan ƙara rawa a gaban waɗancan ba."

"Ai sun riga sun ga ƙarshen abin, me ya rage ka ɓoye? Taka!"

Ya fara a sanyaye, yana dafe da kulli. Amma kiɗa ba ya barin ɗan bara'a, kafin ka ce me ya saki jiki, ya yi sama ya dawo, ya yi juyi ya durƙusa, ƙura na tashi. Matan suka sake leƙowa, wannan karon tafi suke yi. Da ya tsaya yana haki, tsohuwar ta shiga yi masa tambayoyi: ya duba tayar baya? Wajen wa zai sauka a Hudaida? Ya san dillalin nan mai ido ɗaya da ke taɓa sikeli da yatsa? Yana ta amsawa da zafi-zafi, sai ta katse shi.

"Ina bindigarka?"

Gabansa ya faɗi. Ya duba cikin zabibi, ya duba tabarma, ya shafa gefen dama ba komai. Sai da ya kai hannu bayan jambiya ya ji ta, tana nan inda ya sa ta.

"Kai! Wallahi na manta da ita!"

"To ka gani."

Ta daina dariya. Ta yafito shi, ya durƙusa a gabanta, ta kama ɗamarar ta ƙara ja masa ita da hannunta.

"Waccan mai ƙyallin, kwana biyu za ka yi ka gaji, ka jefa ta ƙarƙashin kujera. Kuma duk ɗan iskan da ya hango ta a ƙugunka sai ya so ya gwada ka. Ni tsoro nake ji, Mabkut. Tun da ubanka ya ce kai za ka ja motar nan ban yi barcin kirki ba. Na fi son wadda za ka manta da ita, kowa ma kada ya san tana nan."

Rabon da ta kira shi da sunansa har ya manta. Ya sunkuyar da kai don kada ta ga fuskarsa.

"Kin ci, Kaka. Na sallama. Farar ta koma wajen Hizam."

"Da sharaɗi. Duk dawowar da za ka yi, nan za ka fara hawowa in shinshina bakinta. In na ji warin albarushi ba dalili, na sake ka saki uku."

"Mace ce ke sakin miji yanzu?"

"A kan soron nan, eh."

Ta cire zaren daga wuyanta ta rataya masa. Mabkut ya damƙe makullin, ya daka tsalle ya yi ihu har tattabaru suka watse, ya sumbaci kanta, ya suri farar bindigar a rawani ya nufi matakala da gudu.

"Kai, maigida!"

"Na'am, amarya?"

"Ka ɗaure zanen nan da kyau. Mu nan mun gani mun haƙura, amma 'yan matan Hudaida ba su yi maka laifin komai ba."

Dariyarsa ce kawai ta dawo mata daga ƙasan bene.