Sharhin da na yi a gaban Gwaggo Hajo

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka miƙa mini lasifika a zauren taron makarantarmu da ke Bagudo ba. Ko na so in manta, mutanen gari ba za su bar ni ba. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Lolo ce ta rubuta littafin labari, aka shirya ƙaddamarwa, shugaban makaranta ya ce tunda ni ne malamin Hausa, ni zan yi sharhi. Kaina ya kumbura. Har sabuwar shadda na ɗinka (wadda, in faɗi gaskiya, ta fi sharhin tsari).

Bari in fara gaya maka abin da rabin mutanen zauren suka sani. A lokacin, shekarata shida ba na magana da yayana Garba, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke zaune a Kende. Ranar ɗaurin auren babbar 'yarsa ni ya kamata in zama waliyyi. Babur ɗina ya yi faci a hanya, liman yana sauri, sai Yaya ya ba wani ɗan baffanmu da ya zo daga ƙasar Benin waliccin. Na iso ana shafa fatiha. Ko takalmi ban cire ba na juya. Sau biyu yana aikowa, ina cewa a gaya masa na ji. Abin yana cina a rai, musamman ranar Sallah, amma girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa nawa da kyau.

Littafin labarin gida ɗaya ne. Wa da ƙane, ɗaya a Lolo, ɗaya a tsallaken iyaka, sun ɓata a kan tsohon kwalekwalen da ubansu ya bari, har shekara goma ba gaisuwa. Na karanta shi sau biyu da jan biro a hannu, kamar mai duba jarrabawa.

Na fara da yabo, kuma har yau ina kan bakana. Na ce baiwar Allah ta iya sa magana a bakin mutane, kana karantawa kana jin muryar matan bakin iyaka, Hausa na tafiya, Dendi da Fillanci na leƙowa. Na yaba uwar yaran, tsohuwar da ke haye ruwa duk mako tana yi wa kowane ɗa ƙaryar cewa ɗan'uwansa yana gaishe shi. Sannan na shiga aibi. Na ce lissafin kayan lefe ya ci shafuka har mutum ya manta wa ake aura, kuma wa'azin da ke ƙarshen kowane babi bai da amfani, tunda labarin ya riga ya yi wa'azinsa. Marubuciyar tana gyaɗa kai tana rubutawa. Aka yi tafi. Da nan na tsaya, da na sauka da mutuncina.

Tafin nan shi ya cuce ni. Na gyara hula, na ɗaga murya na ce, "Amma babban aibin littafin nan shi ne tushensa. Wane mai hankali ne zai ƙaurace wa ɗan'uwansa na jini shekara goma a kan abin da bai taka kara ya karya ba? Wannan ba ya faruwa a ƙasarmu."

Zaure ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka hikimata ce ta kama su.

Can daga layin mata wata tsohuwa ta miƙe. Gwaggo Hajo ce, ƙanwar mahaifinmu, mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Lolo. Ashe rumfarta ɗaya da mahaifiyar marubuciyar, kuma an karanta musu littafin babi-babi suna jiran masu saye. Ba ta nemi lasifika ba, muryarta ta wadatar.

"Malam, ni ban yi boko ba. Su dai kan jirgi sunka ɓata, ko ya tsufa a samu itacen girki. Kai da Garba fa, kan mi kunka ɓata?"

Matan Lolo suka fara dariya, ɗalibaina suka karɓa. Shugaban makaranta ya rufe baki da hankici wai tari yake. Maimakon in yi shiru, sai na ce, "Gwaggo, ai wannan daban ne." (A cikin lasifika na faɗa, har masu kabu-kabu na bakin ƙofa sun ji.)

"Daban na," in ji ta. "Nasu cikin takarda shike." Ta zauna abinta.

Ban san yadda na kammala ba. Na dai tuna shaddar ta manne mini a baya don gumi, kuma na yi wa shugaban taro godiya har sau uku. A bakin ƙofa marubuciyar ta tare ni, ta ce maganar lefe da ta wa'azi gaskiya ce, za ta kiyaye a littafi na gaba. Ɗaya maganar ko tayar da ita ba ta yi ba, wannan kawaicin ya fi dariyar yi mini ciwo.

Kwana uku ban leƙa majalisar mai shayi ba. Na sake ɗaukar littafin, wannan karon ba biro. Na zo inda ƙanen ya hango wansa a kasuwa ya laɓe bayan buhunan shinkafa. A gefen shafin ga rubutuna da ja: an wuce gona da iri. Ni da bara na laɓe wa Yaya Garba a bayan motar albasa, a kasuwar Lolo, har direba ya tambaye ni ko ɓarawo nake gudu. Kunya ta sake kama ni, ni kaɗai a ɗaki.

Ranar Juma'a na hau babur sai Kende. Na tarar da Yaya a zaure yana ɗinke buhu. Ya yi furfurar da ban san shi da ita ba. Labari ya riga ni isowa, don yana ɗagowa ya ce an gaya masa na zama babban mai sharhi, ya tura mini buzu. Na shirya dogon jawabi a hanya, amma gaisuwa kawai ta fito.

Muna nan sai wata yarinya 'yar shekara huɗu ta shigo da gudu. 'Yar wadda na yi fushi a kan aurenta ce, ban taɓa ganinta ba. Ta ƙanƙame ƙafar Yaya, ta tambaye shi wane ne wannan baƙon.

"Kakanki na," ya ce. "Ya tai karatu mai nisa, yanzu ya ƙare."

Ban daina sharhi ba, kuma har gobe ina nan a kan cewa lefen nan ya yi yawa. Sai dai yanzu kafin in ce abu ba ya faruwa a duniya, nakan fara leƙa gidanmu, sannan in duba ko akwai dangina a layin mata.