Jawabin Babban Manaja

Wanda bai ga Babban Manaja ba, bai ga lafiya ba. Allah ya hore masa wuya mai hawa-hawa da tumbin da ke riga shi shiga ofis. A bayan idonsa ma'aikata na kiransa Ƙarfen Jirgi, don ya sha faɗa musu cewa ciwo bai isa ya gaishe shi ba.

Ranar da likita ya ce jininsa ya hau, murmushi ya yi. "Likita, jinin babban mutum ai dole ya hau. Na ƙananan ma'aikata ne ke zama a ƙasa."

Gishiri, sai ya barbaɗa kafin ya ɗanɗana. Taba, da wutar wata yake kunna wata. Motsa jikinsa daga mota ne zuwa kujera. Ƙwayoyin da matarsa ke sa masa a aljihu kuwa, a tukunyar fulawar ofis suke ƙarewa. An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, to nasa kunnen kirari kaɗai yake ji.

A walimar ma'aikata da iyalansu ya miƙe zai yi jawabi, ya tuna wa kowa dokarsa: wanda ya katse shi ya nemi wani aikin. Yana tsakiyar bayanin yadda kamfanin zai durƙushe ranar da babu shi, sai bakinsa ya karkace. Hannun dama ya saki takarda. Magana ta koma kamar ta mai tauna tsumma. Mataimakinsa ya zaci sabon Turanci ne, ya soma tafi, zaure ya ɗauka. Kowa ya ga bakin, amma kowa na son aikinsa.

Matarsa ce ta ratso daga baya. "Tafi kuke yi? Jikinsa ne ke shanyewa. Ku kawo mota."

Likita ya ce lokacin da aka ɓata wajen tafi ya ci wani abu da ba zai dawo ba. Manaja ya rayu, sai dai ɓarin damansa ya ajiye aiki ba tare da neman izini ba.

Da harshensa ya ɗan saki, bai tambayi hannu ba, bai tambayi ƙafa ba. Cewa ya yi, an ɗauki jawabin a bidiyo?

An ɗauka. Yanzu shi ake nuna wa ma'aikata don su gane alamun cutar. Jawabinsa na farko ke nan da ya amfani wani.