Man Shanu a Wuyan Yaya

A shekarun tamanin aka kwantar da yayana a asibiti a Gashua, na taso daga Nguru na zauna jinya. Jijiyoyin hannunsa sun ɓuya, sai likita ya zura masa siririyar roba a babbar jijiyar wuya, aka rufe da filasta.

Sista, wata 'yar Kudu, ta ce, "Malam, kada ka taɓa wurin nan."

Na gyaɗa kai kawai. Ni da na yi jinyar kaciyar 'ya'yana za a koya wa kula da ciwo? Tana fita na ɗaga filastar don wurin ya sha iska, na yi tofi, na shafe shi da man shanu.

Kwana biyu sai ga Yaya yana rawar ɗari, cuta ta bi robar ta shiga jini. Sista ta sunsuna wuyansa, ta harare ni: "Shi tuwo ne?"

Da ƙyar Yaya ya sha. Har yau ina jin nauyin haɗa ido da matarsa. Shi kuwa, da an kawo tuwo da man shanu, sai ya dafe wuya, ya nuna ni ya ce, "A kawar da man nan daga gaban Likita."