Ƙullin Sikawut a Kogin Haɗejiya

Ni da na yi sikawut a firamare, wai Sale masunci ne zai koya mini ɗaure kwalekwale! Na ce, "Malam, ba ni igiyar nan."

Na samu kututture cikin kainuwa, na yi masa ƙullin da babu irinsa. Sale ya sauka duba komarsa ta kamun kifi, ni kuwa na kwanta na miƙe a kwalekwalen. Balbelu na wucewa, ruwa na lallashina, gajimare na tafiya a hankali.

Ashe ni ke tafiya. Kututturen ma ambaliya ce ta kawo shi.

Mata masu wanki suka tare ni a wani ƙauye, Sale kuwa da iyo ya fita. Har yau in na gifta sai ya ɗaga murya: "Sarkin Ruwa, ƙullin dai bai kwance ba!"